Nazarin Lamari: Yadda Wani Rumbun Fakitoci a Sakkwato Ya Tsallake Sauyin ABI

Asalin lamarin, daga 2021 zuwa tsakiyar 2023

A ƙarshen shekarar 2021 wasu mutum uku masu gyaran kwamfuta da rubuta manhaja a garin Sakkwato suka karɓi aikin kula da kwamfutocin makarantu tara, shida a cikin gari, uku kuma a waje, ta hanyoyin Bodinga da Kware da Wurno. Kwamfutocin 118 ne, galibinsu tsofaffin na tebur da aka sayo na hannu, kuma dukkansu aka ɗora musu Debian 11, wani nau'in tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta, wanda ya fito ranar 14 ga Agusta 2021. A kan Debian ɗin suka kafa nasu ƙaramin rumbun fakitoci, wato ma'ajiyar da kwamfutoci ke ɗauko manhajojin da aka ƙunshe don girkawa, inda suke ajiye manhajoji biyar da suka rubuta da kansu: ta rajistar ɗalibai, ta katin sakamako, ta rasit ɗin kuɗin makaranta, ta jadawalin jarrabawa, da ta takardar shaidar kammala karatu. Akwai kuma wani ƙaramin ɓangaren buga takardu da wasu daga cikin manhajojin suke lodawa idan suna aiki.

Dukkan waɗannan sun dogara ne da laburare guda, wato fayil mai tarin ayyukan da manhajoji ke kira, wanda babban mai rubutun cikinsu ya yi da harshen C. A nan za a kira shi libharufa, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Aikinsa shi ne gyara sunayen Hausa da jera su, ta yadda ɓ da ɗ da ƙ za su fito daidai kuma su zauna a gurbinsu, kuma a wajen jerawar yana neman taimakon ICU, babban laburaren da manhajoji masu yawa ke amfani da shi wajen sarrafa haruffan harsunan duniya.

Makarantun cikin gari suna sabunta fakitocinsu ta intanet. Na waje kuwa sai an kai musu rumbun a faifan ajiya, kamar sau ɗaya a wata, kuma tafiyar ta ƙara wuya bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023. Saboda haka ba a taɓa samun ranar da kwamfutocin 118 suke kan siga ɗaya ba.

Akwai abubuwa uku game da yadda aka shirya fakitocin da ya kamata a sani tun yanzu. Fakitin laburaren sunansa libharufa kawai, babu lamba a ƙarshensa, alhali sunan da ke rubuce a cikin fayil ɗin, wanda ake kira SONAME, shi ne `libharufa.so.1`. Layin da ke faɗin abin da kowane fakiti ya dogara da shi da hannu aka rubuta shi, ba a faɗi siga ba, kuma ba a ambaci ICU ba sam, domin kullum ana tarar da shi a kan kwamfutar. Sannan ana gina komai a kan laftof ɗin babban mai rubutun, ba a wani wuri da aka keɓe don gini ba.

Kalmar ABI tana nufin alƙawarin da ke tsakanin laburare da manhajar da aka riga aka gina, wadda ta zama lambobin inji: sunayen ayyukan da za ta kira, yadda za ta miƙa musu bayanai, girman kowane bayani, da gurbin da yake zaune a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ya bambanta da API, wanda shi alƙawari ne ga mai rubutu, a matakin rubutun da mutum ke karantawa. Ana iya sauya laburare ta yadda tsohon rubutu zai ginu lafiya lau, amma tsohuwar manhajar da aka gina bara ta lalace. Mai loda manhajoji na Linux ba ya duba komai game da wannan sai SONAME da sunayen ayyuka. Idan sun dace, sai ya haɗa su ya wuce.

Ƙarshen Yuni 2023: alamar farko

Debian 12 ya fito ranar 10 ga Yuni 2023, da ICU 72 a madadin ICU 67 na Debian 11. ICU yana sauya SONAME a kowace babbar siga, shi ya sa Debian ke ba fakitin suna mai lamba, libicu67 da libicu72. A makon ƙarshe na Yuni suka ɗaukaka kwamfuta ɗaya a shagonsu don gwaji, kuma manhajojin biyar duk suka buɗe, domin ɗaukakawa ba ta cire tsohon libicu67 nan take. Washegari ƙaramin cikinsu ya share fakitocin da apt, manhajar girka fakitoci da cire su, ya ce babu mai buƙatarsu, libicu67 ya tafi tare da su tunda babu fakitin da ya ambace shi, sai manhajojin biyar suka ƙi buɗewa gaba ɗaya. Saƙon da ya fito ya ce an nemi `libicui18n.so.67` ba a samu ba. Kwamfutar da aka ɗora wa Debian 12 daga farko ita ma haka ta yi.

Makon farko na Yuli: dabaru biyu na gaggawa

Abin da suka fara yi shi ne ƙirƙirar mahaɗi mai ɗauke da tsohon sunan yana nuni zuwa fayil ɗin ICU 72, don mai lodawa ya ɗauka ya sami abin da yake nema. Bai yi aiki ba, kuma dalilin yana cikin tsarin ICU kansa: yana liƙa lambar siga a ƙarshen sunan kowane aiki, ta yadda libharufa ke neman `ucol_open_67`, sabon fayil kuma `ucol_open_72` yake da shi. Manhajar ta tsaya da saƙon cewa ba a san wannan suna ba. Awa biyu suka ɓata a nan.

Dabara ta biyu ita ce kwaso fakitin libicu67 daga Debian 11 a saka shi a rumbunsu. Wannan ya yi aiki, kuma ICU biyun suka zauna tare ba tare da rigima ba, saboda sunayen fakitocin da na fayilolin da na ayyukan duk sun bambanta. Sai dai fakitin ya haura megabait 30 idan an girka shi, kuma Debian 12 ba zai riƙa aiko masa da gyaran tsaro ba, don haka suka amince cewa matakin wucin gadi ne, a sake gina libharufa a kan ICU 72.

Tsakiyar Yuli: siga ta 1.5

Wata makarantar Islamiyya ta daɗe tana roƙon a riƙa buga sunayen ɗalibanta da ajami a takardar shaida. Tun da za a taɓa laburaren, babban mai rubutun ya ga dama ta samu, sai ya ƙara gurbi ɗaya a tsarin bayanan da manhajoji ke miƙa wa laburaren, gurbin da ke faɗin ko sunan da boko yake ko da ajami.

A siga ta 1.4 ta laburaren tsarin yana da gurabe uku: manuni zuwa inda sunan yake a ƙwaƙwalwa, mai bait 8 (bait ma'aunin girman bayani ne), sai tsawon sunan, mai bait 4, sai lambar rukuni, mai bait 4, jimilla bait 16. A lambar rukunin manhajojin makaranta ke saka aji, daga 1 na ƙaramar sakandare zuwa 6 na ajin ƙarshe na babbar sakandare. A siga ta 1.5 ya saka sabon gurbin tsakanin manunin da tsawon suna, saboda a ganinsa can ya fi dacewa ga mai karatu. Tsawon suna ya matsa daga bait na 8 zuwa na 12, lambar rukuni ta matsa daga na 12 zuwa na 16, girman tsarin kuma ya koma bait 24, har da cikon bait 4 da ake ƙarawa a ƙarshe. Sunayen ayyuka ba su sauya ba, SONAME ma aka bar shi `libharufa.so.1`.

Aka sake gina manhajoji biyu, ta rajista da ta takardar shaida, domin su ne aka taɓa rubutunsu. Sauran uku da ɓangaren buga takardu aka bar su kamar yadda aka gina su a 2022, tunda suna buɗewa. An gina 1.5 sau biyu, ɗaya don Debian 12, ɗaya don Debian 11, don kada makarantu su rabu gida biyu. Gwajin da aka yi kafin sakin shi ne buɗe rajista da jadawalin jarrabawa, kuma dukkansu sun nuna sunaye daidai.

Makon ƙarshe na Yuli: katunan sakamako

Wata makarantar sakandare a unguwar Mabera, wadda har lokacin take kan Debian 11, ta sabunta fakitocinta ranar Litinin, ta buga katunan ƙarshen zango na uku ranar Laraba da dare, lokacin da aka kawo wuta. Kati 387 aka buga kafin wani ya duba. Maki da matsayi duk daidai suke, amma sunayen sun guntule, kuma jerin ya hargitse, 'yan aji daban-daban sun cakuɗe.

Ranar Alhamis da safe shugaban makarantar ya kira su. Zaton farko shi ne ɗauke wuta ya lalata ma'ajiyar bayanai, sai suka maido da ajiyar makon da ya gabata, aka buga kati ɗaya, sunan ya fito a guntule kamar da. Suka koma kan na'urar bugawa da nau'in harafin, suka sauya duka biyun, babu bambanci. Suka duba saitin harshe na kwamfutar, shi ma lafiya. Da suka buɗe rajista sai suka ga sunayen cikakku, wanda ya ƙara rikita su, domin daga ma'ajiya ɗaya manhajojin biyu ke karantawa. Har azahar ba su kai ga komai ba.

Ni ma an kira ni a ranar, kuma ina nan lokacin da malamin da ke kula da jarrabawa, dattijo ne wanda ba ruwansa da harkar manhaja, ya zauna a kan benci yana ware katunan aji-aji don a san nawa za a sake bugawa. Ya jera tsibi shida a kan tebur, ya daɗe yana dubansu, sannan ya ɗago kai ya ce wa babban mai rubutun: "Malam, ka lura kuwa? 'Yan aji ɗaya harafi ɗaya sunka samu, 'yan aji ukku harafi ukku." Muka taso muka duba. A tsibin aji uku akwai Abd da Fat da Mur. A tsibin aji shida Fatima da Aminu sun fito cikakku, Abdullahi kuwa ya tsaya a Abdull. A tsibin aji ɗaya akwai kati biyu da babu harafi ko ɗaya, sai alamar tambaya cikin baƙin tambari, kuma da aka duba rajista aka ga sunayen biyu da Ɗ suka fara. Harafin Ɗ bait biyu yake ci a tsarin UTF-8, an yanka shi a tsakiya. Babban mai rubutun ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Allah gafarta Malam, ka gano shi. Laifin daga wajenmu ne."

Tsohuwar manhajar kati tana ajiye lambar aji a bait na 12, sabon laburaren kuma a nan yake neman tsawon suna. Lambar rukuni kuwa yana ɗauko ta daga bait na 16, wanda ya fita daga iyakar abin da manhajar ta tanada, don haka duk tarkacen da ya tarar a wurin shi yake jerawa da shi. Jadawalin jarrabawa ya tsira a gwaji ne saboda sifiri yake sakawa a gurbin rukuni, laburaren kuma idan ya ga tsawo sifiri sai ya ƙirga sunan da kansa har ƙarshe. Manhajar rasit ma ta kamu, an sami rasit 41 masu guntayen sunaye a makarantu biyu. Babu manhajar da ta rufe kanta ko ta nuna saƙon kuskure a duk tsawon waɗannan kwanaki.

Ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta: komawa baya, da abin da ya biyo

A daren Alhamis ɗin suka sake gina rubutun 1.4. Da yake apt ba ya komawa ƙaramar lamba da kansa, suka bi al'adar Debian suka sa wa fakitin siga `1.5+really1.4`, wadda ke sama da 1.5 a lissafi amma tsohon abu ne a ciki. Katunan suka fito daidai ranar Juma'a, makarantar ta raba su ranar Asabar, ƙungiyar kuma ta biya kuɗin takarda da tawada.

Ranar Litinin sai ƙorafi ya zo daga wata makarantar cewa rajista ta fara nuna shirme. Manhajoji biyun da aka gina a kan 1.5 yanzu su ne suke miƙa tsari mai bait 24 ga laburaren da ke jiran mai bait 16, wato matsalar ta juyo ta ɗaya gefen. Aka sake gina su a kan 1.4, aka janye aikin ajami gaba ɗaya, aka kuma hana faifan da aka shirya wa makarantun waje fita. Makarantun waje uku ba su taɓa karɓar 1.5 ba, jinkirin tafiya ya kare su.

Agusta zuwa Satumba: sake tsari lokacin hutu

Suka zauna suka karanta babi na 8 na Dokokin Debian, wanda ya shafi laburaren da manhajoji ke tarayya a kai, suka kuma duba yadda Debian kanta ke gudanar da irin wannan sauyi. A can, mai kula da laburare yakan fara saka sabuwar siga a sashen gwaji mai suna experimental, da sabon sunan fakiti idan SONAME ya sauya, sannan ya nemi izini daga masu kula da fitarwa. Su kuma su buɗe shafin bibiya da ke nuna kowane fakiti mai dogaro da laburaren, wanda ya koma sabo da wanda bai koma ba. Idan an ba da izini sai a saka shi a unstable, sashen da sabbin fakitoci ke shiga kafin su kai ga siga ta gaba, a sake gina masu dogaro da shi ba tare da taɓa rubutunsu ba, abin da ake kira binNMU, wanda ake gane shi da `+b1` a ƙarshen siga, kuma tsohon laburaren yana nan har sai babu mai neman sa. Ƙungiyar mutum uku ba ta buƙatar duk waɗannan matakai, amma ta ɗauki ƙashin bayansu.

Sun fara da tabbatar da abin da ya faru ta hanyar awo. Suka gina 1.4 da 1.5 tare da bayanan bincike, suka ba wa abidiff, manhajar da ke kwatanta ABI na sigogi biyu, wanda ke cikin kayan libabigail, sai ya nuna girman tsarin ya tashi daga bit 128 zuwa 192, wato daga bait 16 zuwa 24, da gurabe biyu da suka matsa. Wannan gwaji bai kai minti ɗaya ba. Sun kuma ƙara fayil ɗin jerin sunayen ayyuka da dpkg-gensymbols ke dubawa, amma sun lura cewa shi kaɗai da bai kama wannan kuskure ba, tunda babu sunan da ya ɓace ko ya ƙaru.

Daga nan aka raba fakitin. Tsohon laburaren ya koma libharufa1, sabon ya zama libharufa2 mai SONAME `libharufa.so.2`, fayilolin gini kuma suka koma libharufa-dev. An bar wani fakiti marar komai a ciki mai tsohon suna libharufa, wanda ke jawo libharufa1, saboda tsofaffin manhajojin da ke neman wancan suna. Gwajin farko na girka biyun tare ya ci tura, domin kowannensu yana ɗauke da teburin haruffa a wuri ɗaya kuma dpkg, wanda apt ke amfani da shi wajen girka fakiti, ba ya yarda fakiti biyu su mallaki fayil guda. Aka sa lambar siga a sunan jakar kowanne. Layukan dogaro da aka rubuta da hannu aka goge su, aka bar dpkg-shlibdeps ya riƙa fitar da su daga abin da manhajar ke nema a zahiri. Gini ya bar laftof ya koma sbuild, a keɓaɓɓen wuri mai tsabta, ɗaya na Debian 11, ɗaya na Debian 12. Rumbun kansa aka raba shi biyu da reprepro, sashen gwaji da sashen makarantu.

An yi saɓani a kan abu ɗaya. Ƙaramin cikinsu yana ganin a ɗaga lamba kawai a sake gini, aikin kwana biyu. Babban kuwa ya dage a ɓoye tsarin bayanan gaba ɗaya, ta yadda laburaren ne zai tanadi wurin da kansa, manhaja kuma ta riƙa saka suna da aji da nau'in rubutu ta hanyar kiran ayyuka, ba ta san girman komai ko gurbinsa ba. Wannan yana nufin gyara rubutun manhajoji biyar. Sun bi ra'ayin babban, kuma ya ci musu ƙarin mako biyu, galibi da dare, lokacin da batirin sola ke iya ɗaukar kwamfutar gini.

A sashen gwaji suka ci karo da matsalar da ba su zata ba. Manhajar kati da aka gina a kan laburare na 2 ta loda ɓangaren buga takardu da har yanzu yake kan na 1, sai laburaren biyu suka shiga cikin manhaja ɗaya. Wasu ayyukan sunansu ɗaya a duka biyun, mai lodawa kuma wanda ya fara samu shi yake ba kowa, don haka ɓangaren bugawa ya miƙa tsohon tsari ga sabon aiki, manhajar ta faɗi. Maganin da ya yi aiki shi ne gina su tare, da saka layin Breaks a sabbin manhajojin don apt ya ƙi haɗa su da tsohon ɓangaren bugawa. Sun kuma sa wa ayyukan laburare na 2 tambarin siga, irin dabarar da glibc, babban laburaren C na Linux, ke amfani da ita ta riƙe sunan `libc.so.6` shekara da shekaru. Tambarin bai taimaka a wannan karon ba, saboda tsofaffin manhajoji ba su san da shi ba, an sa shi ne don sauyi na gaba.

Shafin bibiyarsu allo ne a bangon shago, da alli: suna a hagu, sai layin Debian 11 da layin Debian 12, a yi alama idan an gina an gwada. Gwajin ma ya sauya. Aka tanadi jerin sunaye talatin daga aji 1 zuwa 6, da masu ɓ da ɗ da ƙ a farko da tsakiya, da guda biyar na ajami, kuma dole kowace manhaja ta fitar da su a kwatanta da abin da ake tsammani kafin ta bar sashen gwaji.

Oktoba 2023 zuwa Fabrairu 2024: kaiwa makarantu

An fara da makaranta ɗaya a cikin gari a makon farko na Oktoba, aka jira mako biyu, sannan sauran biyar. A kowace kwamfuta, kafin a taɓa komai, ana bi da readelf, mai nuna laburaren da manhaja ke nema, a kan duk manhajojin da ke ciki don a ga masu neman `libharufa.so.1`, domin apt fakitoci kawai ya sani. Ta haka aka gano manhaja ta shida a makarantar da ke hanyar Kware: wani malamin lissafi ya rubuta ƙaramar manhajar buga katin shaidar ɗalibai, ya haɗa ta da laburaren, ya ajiye ta da hannu, har ya ba wa wani abokinsa a makarantar hanyar Wurno ta filashi. Da an maye gurbin laburaren a wuri ɗaya kamar yadda aka yi a Yuli, da ta lalace babu wanda ya sani. Da yake libharufa1 yana nan, ta ci gaba da aiki. Suka nemi izininsa suka yi mata fakiti, don apt ya san akwai mai buƙatar tsohon laburaren kada ya share shi.

Makarantar hanyar Wurno ba a kai gare ta ba sai Janairu 2024, kuma wata uku ta yi tana aiki da tsofaffin manhajoji ba tare da matsala ba. Takardun shaida na ajami sun fito a Disamba. A Fabrairu 2024, bayan malamin lissafin ya gyara manhajarsa da taimakonsu, aka cire libharufa1 daga rumbun, wata bakwai bayan katunan Mabera. A lokacin kwamfutoci 96 sun koma Debian 12, sauran 22 suna kan Debian 11, dukkansu da libharufa2.

Agusta 2025: gwajin sabon tsarin

Debian 13 ya fito ranar 9 ga Agusta 2025 da ICU 76, kuma da sunayen laburare masu yawa da aka liƙa wa `t64` a ƙarshe, kamar libssl3t64. Wannan ya samo asali ne daga babban sauyin da Debian ta yi a 2024, inda ta faɗaɗa ma'aunin lokaci zuwa bit 64 a kan injina masu bit 32 irin su armhf, saboda tsohon ma'aunin zai cika ranar 19 ga Janairu 2038. Ƙungiyar ba ta gyara layin dogaro ko ɗaya da hannu ba, sake gini ya fitar da sabbin sunayen da kansa. Da yake libharufa ba ya bayyana wani nau'in bayanin ICU ga masu kiransa, abidiff bai nuna sauyi ba, SONAME ya tsaya a 2. Aikin ya ɗauki kwana huɗu.

Hukunci

Sauyin ABI biyu ne suka haɗu a wannan lamari, kuma wanda ya fi tayar musu da hankali da farko shi ne mafi sauƙi. ICU ya sauya, ya kuma sauya sunansa, don haka manhajoji suka ƙi buɗewa a cikin shago, kafin a kai ga ɗalibi ko ɗaya. Nasu laburaren ya sauya ma'auni ya riƙe suna, kamar a rage mudu a kasuwa a ci gaba da kiransa mudu, kuma shi ne ya kai ga takardun da za a miƙa wa iyaye. A ganina ƙara gurbin ba shi ne kuskuren ba, buƙatar makarantar Islamiyyar ta gaskiya ce. Kuskuren shi ne barin SONAME a 1, sai kuma haɗa sabon aiki da sake ginin da ya kamata ya tsaya a sake gini kawai, wanda ya sa suka shafe rabin yini suna neman laifin a wuta da na'urar bugawa.

Mahaɗin bogi ya gaza ne saboda sunan fayil kawai ya gyara, bai taɓa sunayen ayyukan ba. Na daɗe ina tunanin cewa sa'a suka yi da ICU ne, domin da laburaren da ba ya liƙa lamba a ayyukansa ne, da dabarar ta yi kamar ta yi aiki. Komawa 1.4 daidai ne a matsayin agajin gaggawa, amma ya sake karya wasu saboda har lokacin ba su da jerin wanda aka gina a kan me. Abin da ya warware matsalar shi ne zaman laburaren biyu tare na tsawon watanni, kuma wannan ya fi muhimmanci a wurinsu fiye da a wurin da kowace kwamfuta ke da intanet, tunda su rabin sabuntawa shi ne halin yau da kullum. Ɓoye tsarin bayanan ya cancanci mako biyun da ya ci, ko da yake ƙaramin yana da gaskiya cewa ɗaga lamba kaɗai ya isa ya kawar da haɗarin wancan lokacin.

Akwai raunin da ban ga an magance ba. Gwajin abidiff har yanzu da hannu ake yin sa, kuma mutum ɗaya ne cikin ukun ya iya karanta sakamakonsa da kyau. Binciken readelf kuma sai wani ya je makarantar da ƙafarsa, don haka idan wani malami ya sake rubuta manhaja ya ajiye ta a gefe, ba za a san da ita ba sai ziyara ta gaba. Kwamfutoci bakwai a makarantar hanyar Wurno suna kan Debian 11 har yanzu, wanda aka sa ranar 31 ga Agusta 2026 a matsayin ƙarshen tallafinsa na dogon zango, kuma sunansu na nan a ƙasan allon shagon ba a yi masa alama ba.